Binciken Labarin Ƙasa a Jihar Jigawa: Bayani ga Ɗaliban Babban Digiri, Jama'ar Karkara da Jami'an Ƙananan Hukumomi

Gabatarwa

A kowace shekara, musamman bayan an ɗauke amfanin gona, akan ga ɗalibai daga jami'o'i daban-daban suna shiga garuruwa da ƙauyukan Jihar Jigawa ɗauke da takardun tambayoyi, da taswira, da 'yar na'urar auna wuri. Wasu sukan auna zurfin rijiyoyi, wasu su ɗebi ƙasar gona a leda, wasu kuma su zauna da dattawa suna tambayar shekarun fari da na ambaliya. Mafi yawansu ɗaliban digiri na biyu ne ko na digirin digirgir a fannin ilimin labarin ƙasa, wanda 'yan boko ke kira jogarafi. Da yawan jama'a ba su san manufar wannan aiki ba, har wasu kan ɗauka ƙidayar haraji ce, ko kuwa share fagen karɓe gonaki.

Manufar wannan bayani ita ce a wayar da kan jama'a game da wannan fanni, a nuna wa 'ya'yan jihar nan masu sha'awar zurfafa karatu inda za su sami bayanai da tallafi, sannan a fayyace wa shugabannin ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarautun gargajiya rawar da ta kamata su taka.

Mene ne ilimin labarin ƙasa?

Ilimin labarin ƙasa shi ne nazarin doron ƙasa da dangantakar da ke tsakaninsa da mutanen da ke zaune a kansa. Yana da manyan rassa biyu. Reshe na farko yana duba halittar ƙasa kanta, wato yanayin sama, da ruwan sama, da koguna, da duwatsu, da irin ƙasar noma da tsirrai. Reshe na biyu yana duba mutane, wato yawansu, da yadda suka zauna, da sana'o'insu, da kasuwanni, da hanyoyi, da ƙaura, da yaɗuwar cututtuka daga wuri zuwa wuri. A 'yan shekarun nan an sami reshe na uku da ya haɗa su, shi ne aikin taswira da kwamfuta da hotunan tauraron ɗan'adam.

Ɗalibin digiri na biyu yakan yi shekara guda yana ɗaukar darussa, sannan ya fita fili ya yi bincike ya rubuta kundi, a ƙarƙashin kulawar malami. Mai digirin digirgir kuwa ba ya yin ƙasa da shekara 3, kuma ana bukatar ya zo da wani sabon abu da ba a sani ba a baya. A taƙaice, ba a ba da waɗannan digiri sai da aikin fili, kuma filin nan shi ne gonakinmu da fadamunmu da kasuwanninmu.

Abin da ya sa Jigawa ta zama fagen bincike

An ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991 daga tsohuwar Jihar Kano. Tana da ƙananan hukumomi 27 da masarautu 5, wato Dutse, Haɗeja, Gumel, Kazaure da Ringim. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 22,000, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutane fiye da miliyan 4.3, waɗanda galibinsu manoma ne da makiyaya da masunta. Ta arewa tana iyaka da Jamhuriyar Nijar.

Allah ya tara wa jihar nan siffofin ƙasa iri-iri a wuri ɗaya. A kudu da yamma, kamar Dutse da Birnin Kudu da Kazaure, akwai tsoffin duwatsu da suka ɓullo sarari. A tsakiya da arewa maso gabas kuwa, yashi da laka ne masu kauri suka rufe dutsen, kuma a nan ne ake samun jigayin da jihar ta samo sunanta daga gare su. Wannan bambanci ne ya sa haƙa rijiyar burtsatse take da sauƙi a wani yanki, a wani kuma sai an yi dace da tsagar dutse kafin a taras da ruwa. Haka nan ruwan sama yana raguwa daga kimanin milimita 1,000 a shekara a kudancin jihar zuwa kimanin milimita 600 a arewa. Sannan ga kogin Haɗeja da ya ratsa jihar, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru kafin ya haɗu da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke kwarara zuwa Tafkin Chadi.

Ayyukan da magabata suka yi

Ɗalibin da zai yi bincike a wannan yanki ba daga tushe zai fara ba, domin akwai waɗanda suka riga shi. Farfesa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin yadda manoman kewayen Kano ke noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta mutu ba, saboda taki da kiwo da barin itatuwa masu amfani a cikinta. Bayan farin 1972 zuwa 1974, ya shafe fiye da shekara 10 yana bibiyar rayuwar mutanen Dagaceri, ƙauyen da a yau yake cikin Jihar Jigawa, ya kuma wallafa sakamakon a littafinsa mai suna Adapting to Drought a 1989. Abin da ya gano shi ne manomi ba ya zama ya jira halaka: yana sauya iri, yana tafiya cin rani, yana kama sana'ar hannu, yana sayar da dabba ya sayi hatsi. Wannan aiki ya taimaka wajen sauya ra'ayin masana na duniya, waɗanda a da suke ɗora wa talakan Sahel laifin kwararowar hamada baki ɗaya. Mortimore ya rasu a 2017.

Farfesa E. A. Olofin na Jami'ar Bayero shi ma ya yi aiki mai yawa a kan yadda madatsun ruwa suka sauya kogunan ƙasar Kano. A 1987 aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru, kuma a 1993 masana uku, Hollis da Adams da Aminu-Kano, suka fitar da littafi a kan waɗannan fadamu. Binciken wannan lokaci ya nuna cewa filin da ruwa ke malalewa a kowace damina ya ragu daga kimanin hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960 da farkon 1970, ya koma hekta 100,000 ko ƙasa da haka, sakamakon fari da kuma gina madatsun ruwa. An kuma lissafa cewa idan aka haɗa noma da su da itacen wuta, ruwan da aka bari ya malala cikin fadama ya fi kawo riba a kan irin wannan adadi na ruwa da aka tura babban shirin ban-ruwa na sama. Irin wannan hujja ce wakilan mutanen ƙasa-ƙasa ke riƙewa idan ana muhawarar rabon ruwa tsakanin jihohi.

Batutuwan da ke jiran masu bincike

Na farko shi ne ambaliya da ciyawar kacala. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a Jihar Kano. Kafin nan kogin Haɗeja yakan cika da damina ya ƙafe da rani. Bayan da aka fara sakin ruwa duk shekara, sai kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta. Sakamakon haka ruwa ya karkata, wasu gonaki a yankin Guri da Kirikasamma suka nutse, wasu rassan kogin kuma suka bushe. Kacalar ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye shinkafa da gero. Jihar ta sha ambaliya mai tsanani a 2012, 2018, 2020 da 2022, kuma ƙananan hukumomin bakin kogi irin su Ringim, Taura, Miga, Auyo, Kafin Hausa da Haɗeja ne suka fi jin jiki. Ana bukatar taswirar da za ta nuna, gari-gari, inda ruwa ke bi da inda ya dace a yi jinga ko a mayar da gidaje.

Na biyu shi ne kwararowar hamada da halin itatuwa a ƙananan hukumomin arewa, kamar Maigatari, Ɓaɓura, Sule Tankarkar da Birniwa. Jigawa na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa. Tambayoyin da ke bukatar amsa sun haɗa da: cikin itatuwan da aka dasa, nawa ne suka rayu bayan shekara 5? Gawo da kuka da ɗorawa da aduwa suna ƙaruwa ne a gonaki ko raguwa suke yi? Wane darasi za a koya daga manoman jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar, waɗanda suka farfaɗo da itatuwa masu ɗimbin yawa ta hanyar barin tohon da ya fito da kansa a gona suna yi masa sassabe?

Na uku shi ne burtali da makiyaya da mashaya. Tun 1965 aka yi dokar keɓe wuraren kiwo a tsohuwar Jihar Arewa, amma yawan jama'a da noman rani sun matse da yawa daga cikinsu. Ɗalibin da ya kwatanta tsohuwar taswira da hoton sama na yau zai iya nuna daidai inda burtali ya tsuke, kuma wannan zai taimaka wa masu sulhu tsakanin manoma da makiyaya.

Na huɗu shi ne kasuwanci da sufuri. Kasuwar dabbobi ta Maigatari tana haɗa 'yan kasuwar Nijeriya da na Nijar, kuma jihar ta yi suna wajen noman riɗi da zoɓo da shinkafa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, shi ya raya garuruwa irin su Malam Madori a zamanin gyaɗa. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi, wanda ya bi ta Kazaure, da reshe zuwa Dutse. Yadda hanya ke ɗaga wani gari ta kwantar da wani babban batu ne na nazari.

Sauran batutuwa sun haɗa da bunƙasar garin Dutse tun da ya zama babban birnin jiha da yadda yake cin gonakin kewaye, da matsayin ruwan ƙarƙashin ƙasa a wuraren da ake yawan kafa injin ban-ruwa, da tazarar da mace mai ciki ke yi kafin ta isa asibiti, da tsuntsayen da ke zuwa dausayin Baturiya daga Turai a lokacin hunturu. An sanya Baturiya cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2008.

Jami'o'i da cibiyoyin da za a nufa

A cikin jiha akwai Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da aka kafa a 2013, kuma dukansu suna da malamai masu bincike a kan muhalli. A maƙwabta akwai Jami'ar Bayero, wadda sashenta na labarin ƙasa ya daɗe yana yaye masu digiri na biyu da na uku, tana kuma da Cibiyar Nazarin Noma a Yankuna Masu Ƙarancin Ruwa, wadda ta shiga cikin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa. Akwai Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, mai tarihi tun 1922, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, da Jami'ar Maiduguri. Ga mai son ƙwarewa a aikin taswira da hotunan sama, akwai cibiyar AFRIGIST da ke harabar Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, wadda a da ake kira RECTAS, da Cibiyar Hangen Ƙasa daga Sama ta Ƙasa da ke Jos. Mai sha'awar harkar ruwa kuma ya nufi Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna.

Galibin jami'o'in nan suna neman digiri na farko mai daraja ta biyu, da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta yafewa, da takardar sakamakon jarrabawa daga jami'ar da mutum ya gama. Mai Babbar Difloma daga kwalejin kimiyya da fasaha yakan fara da diflomar gaba da digiri kafin a ɗauke shi digiri na biyu. Wannan hanya ce da ta dace da ma'aikatan sashen filaye da na gona da na ayyuka a ƙananan hukumomi.

Inda ake samun bayanai

Alƙaluman ruwan sama da zafi da iska suna hannun Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, wato NiMet, wadda aka kafa a 2003. Tashar Kano tana da tarihin ruwan sama na fiye da shekara 100, kuma hukumar tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya na shekara-shekara tare da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Bayanin yawan ruwan da ake saki daga madatsu yana wurin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, mai hedikwata a Kano. Alƙaluman jama'a suna wurin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A matakin jiha kuwa, akwai hukumar raya aikin gona ta JARDA, da ma'aikatun muhalli, filaye, ruwa da lafiya. Ana shawartar ɗalibi ya riƙa nema a rubuce, da wasiƙar gabatarwa daga shugaban sashensa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman bayanai daga hukumomin gwamnatin tarayya.

Hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda a da sai mai kuɗi ke iya saya, yanzu da yawansu kyauta ne a intanet. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972, kuma tun 2008 ta buɗe rumbun hotunansa ga kowa. Ma'ana, ɗalibi zai iya ganin yadda fadamar Haɗeja take kafin a rufe madatsar Tiga, ya kwatanta da yadda take a yau. Tauraron Sentinel-2 na Tarayyar Turai, wanda aka fara harbawa a 2015, yana nuna abu mai faɗin mita 10, kuma yana komawa kan wuri ɗaya kusan kowane kwana 5. Nijeriya ma ta harba NigeriaSat-1 a 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011, ƙarƙashin hukumar NASRDA. Manhajar QGIS ta haɗa taswira kyauta ce, haka ma Google Earth, kuma wayar hannu ta zamani tana iya ɗaukar lambobin wuri da suka isa yawancin aikin fili.

Tsoffin takardu su ma taska ce. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin kimanta haraji da Turawan mulki suka rubuta a kan gundumomin Lardin Kano, waɗanda suka ƙunshi yawan mutane da dabbobi da rijiyoyi da amfanin gona na farkon ƙarni na 20. Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970, da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Zariya, suna da kundaye da tsoffin rahotanni. Ofishin Babban Safiyon Tarayya da ofisoshin safiyo na jihohi suna da taswirorin da aka zana daga hotunan jirgin sama na shekarun baya.

Sai dai duk waɗannan ba su kai sanin mutanen wuri ba. Hoton sama zai nuna cewa tafki ya ƙafe, amma Sarkin Ruwa ne zai faɗi irin kifin da ya ɓace da shekarar da aka daina ganinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Hanyoyin samun tallafi

Tsadar sufuri da gwajin ƙasa da ruwa a ɗakin gwaji ita ce ke sa ɗalibai da yawa ajiye karatu a tsakiya. Hanya ta farko ita ce hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, wadda ke sanar da lokacin karɓar takardu ta kafofin yaɗa labarai. Malaman jami'o'i da kwalejojin gwamnati suna iya neman tallafin ƙaro karatu da na bincike daga asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, amma ta hannun makarantar da suke aiki ake nema. Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya tana cikin masu tantance masu neman tallafin ƙungiyar Commonwealth. Akwai kuma tallafin Chevening na Ingila don digiri na biyu na shekara guda, da na DAAD na Jamus, da na Fulbright na Amurka.

A nan Afirka ta Yamma akwai shirin WASCAL, wanda gwamnatin Jamus ke tallafa wa, mai horar da ɗalibai a kan sauyin yanayi, kuma jami'o'in fasaha na tarayya da ke Minna da Akure suna cikin masu ɗaukar nauyin darussansa. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, tana koyar da nazarin yanayi da ruwa don aikin gona. Cibiyoyin IITA da ICRISAT suna da ofisoshi a Kano, kuma sukan karɓi ɗalibai su yi aikin kundinsu a cikin ayyukan cibiyar. Haka nan manyan shirye-shirye irin su ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja, sukan bukaci masu tattara bayanai da masu zana taswira.

Ana jan hankalin iyaye da ɗalibai cewa waɗannan hukumomi suna sanar da tallafinsu ne a shafukansu na hukuma. Duk wanda ya nemi a tura masa kuɗi a asusunsa na kansa don ya sama wa yaro gurbi, to a guje shi, a kuma sanar da hukuma. Abin da ke sa a yi nasara shi ne kyakkyawan sakamako, da tsarin bincike gajere mai bayyananniyar tambaya, da wasiƙun shaida daga malamai, da aikawa kafin ranar rufewa.

Abin da ake bukata daga mai bincike

Kafin ɗalibi ya shiga kowane gari, ya fara kai wasiƙar jami'arsa sakatariyar ƙaramar hukuma, daga nan a haɗa shi da hakimi, hakimi ya haɗa shi da dagaci ko bulama, har zuwa mai unguwa. Ya bayyana manufarsa da harshen da mutane ke ji, ya nemi yardar duk wanda zai yi wa tambaya, kada kuma ya yi alƙawarin taki ko rijiya ko rance da ba shi da ikon cikawa. Idan tambayoyin sun shafi mata, ya zo da mace mai taimaka masa. Kada ya ɗauki hoton mutum ko gida ba da izini ba, kuma ya ɓoye sunayen waɗanda suka ba shi amsa, kamar yadda ƙa'idar bincike da Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 suka tanada. Mai son tashin jirgi maras matuƙi don ɗaukar hoto sai ya sami izinin hukumomin sufurin sama da na tsaro tukuna.

Ya kamata kuma ya lura da lokaci. Ranar kasuwa, da lokacin shuka da na girbi, ba lokutan tsayar da manomi ba ne. Bayan ya gama, ya ajiye kwafin kundinsa a ƙaramar hukumar da ya yi aiki, tare da taƙaitaccen bayani da Hausa na shafi ɗaya ko biyu. Mutanen da suka ba da lokacinsu suna da haƙƙin jin abin da aka gano.

Abin da ake bukata daga jami'ai da jama'a

Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da daraktocinsu da su keɓe jami'i guda, a sashen gona ko na tsare-tsare, wanda zai riƙa karɓar masu bincike, yana rubuta sunansu da jami'arsu da batun da suka zo yi. Su kuma tanadi jerin matsalolin yankinsu da ke bukatar nazari, su aika wa sassan jami'o'i, domin sau da yawa ɗalibi yana neman batu, ƙaramar hukuma kuma tana neman amsa, amma ba su haɗu ba. Adana bayanai ma wajibi ne: ranar da ambaliya ta shigo, yawan gidaje da gonakin da ta ci, zurfin kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa da ranar haƙa ta. Ma'aunin ruwan sama abu ne mai araha, kuma malamin gona ko malamin makaranta zai iya karanta shi kowace safiya. Rijistar shekara 10 ta irin wannan tana da daraja ƙwarai wurin masu tsara ayyuka.

Ga jama'ar karkara kuwa, a sani cewa ɗalibi ba shi da ikon karɓe gona ko sanya haraji. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, gwamna da ƙaramar hukuma ne kaɗai ke da hurumin ba da izinin mallakar fili, kuma awon da ɗalibi ya yi ba ya sauya iyakar kowa. Kowa yana da damar ya nemi ganin wasiƙar gabatarwa da katin shaida, yana kuma da damar ya ƙi amsa tambayar da bai gamsu da ita ba. Kada a sa hannu ko a dangwala yatsa a takardar da ba a karanta wa mutum ba. Amma idan an yarda za a amsa, to a faɗi gaskiya. Wanda ya rage yawan buhunan da ya noma don tsoron haraji, ko ya ƙara yawan asarar da ya yi don sa ran tallafi, yana ɓata alƙaluman da wata rana za a dogara da su wajen yanke shawarar inda za a yi jinga ko asibiti.

Kammalawa

Matsalolin ambaliya da fari da rikicin filaye ba sa warwaruwa da kintace. Suna bukatar awo da taswira da haƙurin bibiya na shekaru, irin wanda aka yi a Dagaceri da fadamun Haɗeja. A baya, galibin wannan aiki baƙi ne suka yi shi. Yanzu da jihar ke da jami'o'inta, hotunan sama kuma suka zama kyauta, lokaci ya yi da 'ya'yan Jigawa, maza da mata, za su karɓi wannan nauyi, tunda sun san harshe, sun san hanya, kuma su ne za su zauna da sakamakon. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi jami'in yaɗa labarai na ƙaramar hukumarsa, ko makarantar karatun gaba da digiri ta jami'ar da ke kusa da shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga ambaliya da fari, ya kuma ba ɗalibanmu ilimi mai amfani.